Kujerar Ƙarƙashin Bakin Iska

Ranar da aka buɗe sabon ginin makarantar, an zagaya da iyaye aji-aji ana nuna musu fararen tebura da tagogin gilashin da ba a buɗewa. Shugabar makaranta tana gaba tana bayani da alfahari. Babu fanka, babu esi maƙale a bango yana gurnani. Sanyin daga wata babbar na'ura yake tahowa a saman bene, ya bi ta bututu, ya fito ta wasu bakuna masu raga da aka huda a silin. Wani uba ya ce shi kam a ba shi tabarma kawai, ya tare a nan. Kowa ya yi dariya. Maman Lauya ma ta yi, amma tafin hannunta yana kan wuyan 'yarta.

Lauya shekararta tara. Kakarta ce ta laƙaba mata sunan, don tun tana 'yar mitsitsiya ba a gaya mata magana ta wuce ba ta nemi dalili ba. A ce ta sha magani, sai ta tambayi aikin da yake yi. A ce ta kwanta, sai ta tambaya me ya sa manya ba sa kwanciya. Kuma tana da sikila. Uwar, wadda tela ce mai keke ɗaya a ɗakin gaba, ta haddace abubuwan da suke tayar da ciwon kamar yadda ta haddace awon kwastomominta: ƙishirwa, gajiya, ruwan sama, sai kuma babbansu, sanyi. Ba a yi wa Lauya wanka da ruwan da bai ga wuta ba. Ba ta taɓa taka siminti da sassafe ba safa ba.

A tsohuwar makarantarsu uwar ta faɗi gaskiya tun ranar farko. Malamin ajin mutumin kirki ne, sai ya tsayar da yarinyar a gaban allo ya ce kowa ya lallaɓa ta. Daga ranar ba a sake sa ta cikin wasa ba. In ta zo shiga layin tsalle-tsalle sai yara su dare, wani ya ce a ba wa Ƙwai hanya. Shekara biyu tana amsa sunan Ƙwai. Don haka da aka kawo fom ɗin sabuwar makaranta, uwar ta iso layin da aka tambayi ko yaro yana da wata larura, sai Lauya ta ɗora ɗan yatsanta a kan layin.

"Mama, kada ki rubuta."

Uwar ta ce ai don a kula da ita ne. Yarinyar ta ce an riga an kula da ita, ta ga yadda abin yake. Suka daɗe a haka, biro a sama. Daga ƙarshe uwar ta ja ɗan layi a wurin, ta kuma yi alkawari ba za ta faɗa da baki ba. Baban Lauya, wanda direban babbar mota ne sai ƙarshen mako yake kwana gida, da ya ji sai ya girgiza kai ya ce alkawari da yaro ai ba alkawari ba ne. Ta ce masa ba shi ne ya ga fuskarta ba.

Makarantar tana da tsarinta na zama. Ƙarshen kowane wata ana gwaji, ranar Litinin yara su jeru a bakin ƙofa, Malamar aji tana kiran suna suna shiga. Wanda ya zo na ɗaya shi ke zama a kujerar gaba ta tsakiya, mai jan tauraro a kusurwar tebur. Na biyu a gefensa, haka har baya. Iyaye sun san tsarin sarai, wasu kan leƙo ta taga da safe don kawai su ga inda nasu yake zaune. Gwajin farko Lauya ta zo ta ɗaya. Ta shigo gida da gudun da aka hana ta, tana haki, ta ce kujerar tauraro tata ce kuma ba mai tayar da ita har ta gama makarantar. Uwar ta tsayar da keke ta rungume ta, ta manta ma ba ta yi mata faɗan gudun ba.

Cikin mako guda sai ta fara lura. Yarinyar tana dawowa tana murza bayan wuya. In aka kama yatsunta da rana tsaka, a waje ana zufa, sai a ji su kamar an ciro daga firij. Da aka matsa mata ta ce wata 'yar iska ce take sauko mata a ka, ba wani abu ba ne, tana iya jurewa. Uwar ta ƙara mata singileti, ta ɗinka mata wata 'yar riga mai kauri ta ciki, ta sa mata safa biyu. Ta ba ta suwaita, aka dawo da ita a jaka tare da 'yar takarda cewa ba ta cikin kayan makaranta, kuma ginin a saite yake daidai da jikin kowa. Wuya da hannu kuwa babu abin da zai rufe su.

Wata Laraba bayan an tashi uwar ta rufe ɗinki ta tafi makarantar. Malama ta karɓe ta da fara'a, ta ce ai Lauya tauraruwar aji ce, sai dai surutu. Da ta ji abin da ya kawo ta, ta kai ta wurin wani ɗan akwati a bango kusa da ƙofa mai nuna lambar zafin ɗaki. Ashirin da huɗu. Ta ce kullum haka yake, ba ya hawa ba ya sauka, ita da take wuni a ajin ba ta taɓa jin sanyi ba.

Maman Lauya ba ta yi musu ba. Ta buɗe jaka ta ciro zaren ɗinki fari, ta tsinka kamar taƙi biyu, ta ɗaura a bakin rula. Ta riƙe a wurin teburin Malama, zaren ya rataya shiru. Ta riƙe a kusa da akwatin bango, shiru. Sai ta je ta zauna a kujerar tauraro, ta rage tsawo, ta riƙe rular daidai inda wuyan yarinya yake kaiwa. Zaren ya fara rawa yana karkarwa kamar mai jin tsoro. Ita kanta ta ji abin yana bin ƙeyarta ta ƙasan mayafi, siriri, ba ya yankewa. Ta ɗaga kai. Bakin iskar yana saman kujerar sak.

Malama ta zo ta sa hannu, ta ce lallai akwai 'yar iska. Amma ta ce ba za ta iya canza wa ta ɗaya wuri haka kawai ba. In ta mayar da ita baya, gobe iyaye su ce an ƙwace wa yarinya haƙƙinta. In ta ɗora ta biyu a kujerar tauraro, a ce uwarta ce ta yi magana. Shekarar bara an yi rigimar da ta kai ofishin Shugaba a kan kujera ɗaya tak. Sai ta sassauta murya.

"Sai dai in akwai wata larura. Akwai ne, Maman Lauya? In akwai ki gaya mini, a rubuta."

Lauya tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a baya. Ido kawai ta zuba wa uwarta.

"Babu," in ji uwar. "Ba ta dai son sanyi ne."

Malama ta yi murmushi ta ce ai duk yara haka suke, za ta sa a kira mai gyara.

Mai gyaran ya zo ranar Juma'a, wani siririn dattijo da kowa ke kira Injiniya. Maman Lauya ta sake barin ɗinki ta je, don ta san in ba ta tsaya a kai ba za a ce an duba lafiya lau. Ya hau tsani ya sa hannu a ragar, ya sauko, ya ga zarenta ya yi dariya ya ce Hajiya ta zo da nata kayan aikin. Mutum ne mai gaskiya, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce irin wannan na'urar iskar da take turowa ta fi ta esin gida sanyi nesa ba kusa ba, da gangan aka yi ta haka don kaɗan ta ishi gini. Da safe in ɗaki ya yi zafi, tana fitowa da ƙarfi, ta bi jikin silin ta yi nisa, ta gauraya da iskar ɗaki kafin ta sauko kan mutane. Amma da ɗakin ya yi sanyi sai na'ura ta rage ƙarfi. Iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, in ba a tunkuɗa ta ba sai ta zubo tsaye kamar ruwan indararo. Wanda yake ƙasa shi ne ya shiga uku. Akwatin bango yana can gefe, bai san ana yi ba.

Ta tambaye shi mafita. Ya ce bakin ne ba nasa ba, an sa irin na gama-gari, akwai wanda aka yi musamman mai watsa iska gefe ko da ƙarfinta ya ragu. Ya rubuta tun lokacin da aka miƙa ginin, ya sake rubutawa, masu ginin sun ce suna dubawa. Ta ce to ya toshe wannan ɗin mana. Ya ce in ya toshe, sauran bakunan za su kama fito, rabin aji kuma ya dahu, shi za a kora. Da ya ga yadda ta tsaya, sai ya yanko kwali ya liƙa da salatif a ƙasan ragar don ya karkatar da iskar zuwa allo.

Kwana biyu Lauya ta dawo da yatsu masu ɗumi. Rana ta uku kwalin ya jiƙe da raɓa ya fara ɗiga a kan littafinta. Shugaba ta shigo da wasu baƙi ta gani, ta ce a cire wannan ƙazantar yanzu, sabon gini ba shagon faci ba ne.

Gwaji na biyu ma Lauya ce ta ɗaya.

Ciwon ya zo ranar wata Alhamis. Ta dawo ba surutu, ta ce ba ta jin yunwa, ta kwanta a tabarma kusa da keken ɗinki. Kafin la'asar ta fara naɗe hannuwa a ƙirji, kafin a samo mota tana kiran uwarta da muryar da uwar ta fi tsana a duniya. Kwana biyar suka yi a asibiti, ƙarin ruwa leda bayan leda, allura a kan allura. Uwar tana zaune a kujerar roba tana gasa mata ƙafafu da tsumma mai ɗumi, tana jin kalmar nan ta "babu" tana yi mata yawo a ka. Baban Lauya ya baro mota a hanya ya zo. A baranda ya ce mata, cikin sanyin murya, ko ta faɗa wa makaranta ko shi ya je ya faɗa. Ta ce za ta faɗa. Ranar sallama ta roƙi likita ya rubuta mata takarda, ta ninke ta sa a aljihun jaka mai zif. Makaranta kuwa an aika musu cewa zazzaɓi ne.

Ta tsara abinta. Gwajin wata saura kwana biyu, ba za ta tayar wa yarinya hankali ba. A bari a gama, ranar Litinin ta kai takardar, ta roƙi Malama kada a yi sanarwa a gaban aji. Ta san sanarwa ko babu, ranar da aka ga ta ɗaya a kujerar baya yara za su tambaya, kuma yara ba sa gajiya da tambaya. Amma ta gwammace a kira 'yarta Ƙwai a kan ta sake jin muryar nan.

Ranar Juma'a Lauya ta kawo takardar gwaji don a sa hannu. Ta goma sha huɗu. Malama ta rubuta a ƙasa da jan biro cewa rashin lafiya ne ya ja ta baya, a ƙara ƙoƙari. Uwar ta ce ba komai, ai lafiya ce gaba. Ta ɗauki biro, sai idonta ya faɗa kan tambaya ta bakwai. Bakwai sau takwas, an rubuta hamsin da huɗu. Wannan yarinyar da take gyara wa babanta lissafin tafiya. Ta ɗaga takardar ta haska a taga kamar yadda take duba yadi mai tabo. A ƙarƙashin huɗun akwai sawun shida, an goge da kilina, amma fensir ya riga ya huda takarda. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Tambaya shida aka faɗi, kuma duk shidan amsar gaskiya tana kwance a ƙasa.

Ta kira ta. Ta zaci za ta yi kuka ko ta yi ƙarya, ba ta yi ko ɗaya ba. Lauya ta je ta ɗauko littafin zane ta buɗe shafin ƙarshe. Taswirar ajin ce, kujeru talatin, kowace da lambarta. Wasu an yi musu alamar giciye, wasu an zagaye su. A tsakiyar littafin akwai guntun farin zare ɗaure a rula.

Ta ce lokacin hutun tara, da kowa ya fita, ita take zama ta auna. Kujerun gaba uku zaren yana rawa sosai. Daga ta ashirin zuwa baya akwai wani bakin, shi ma yana zubowa. Daga ta sha biyu zuwa ta sha biyar ne zaren ba ya motsi ko kaɗan, kuma rana tana ɗan taɓa wurin ta gilashi. Ta san makin da kowa yake samu a ajin, ta lissafa, ta ga in ta faɗi shida za ta sauka a nan. In ta faɗi huɗu ba ta tsira ba, in ta faɗi tara ta wuce. Tana bayani tana nunawa da yatsa, har da ɗan jin daɗin wanda lissafinsa ya fita daidai.

Uwar ta ce akwai takardar likita a jaka, ranar Litinin za ta kai, a bar ta da ta ɗayanta a ba ta kujerar da ta dace.

"Kin yi alkawari, Mama."

"Na yi. Amma kin ga abin da ya faru."

"Ai ba zai sake faruwa ba. Ba zan ji sanyi ba, kuma ba wanda ya sani. To me ya rage?"

Uwar ta buɗe baki. Ta san akwai abin da ya rage, amma ta rasa yadda za ta faɗe shi ga yarinyar da ta kwana biyar da allura a hannu. Lauya ta jira dalili kamar yadda ta saba. Da bai zo ba, ta rufe littafinta.

Duk da haka ranar Litinin uwar ta je makarantar. Ta bi dogon barandar nan mai sanyi, hannunta a kan zif ɗin jaka. Ta tsaya a gefen taga inda ba za a gan ta ba. Lauya tana layi na uku kusa da bango, rana a kan rabin teburinta, kafaɗunta a sake. Yarinyar gefenta ta raɗa mata wani abu, suka toshe baki suna dariya. Malama ta yi tambaya, hannuwa suka tashi, na Lauya ya ɗan motsa ya koma ƙarƙashin tebur. A kujerar tauraro wata doguwar yarinya ce yanzu, ta ɗaga kwalar riga tana murza bayan wuya da hannun hagu.

A aji na gaba ta hangi Injiniya a kan tsani. Ya gane ta, ya ce Hajiya mai zare, ya jikin yarinya. Ta tambayi maganar bakin iska. Ya ce ya sake rubutawa, an ce masa tunda akwatin bango yana nuna ashirin da huɗu, babu matsalar da za a gyara. Ta tsaya a ƙofar ofishin Shugaba har mai shara ta tambaye ta ko jira take. Ta ce a'a. Ta dawo gida da takardar a inda take. Ga Baban Lauya ta ce an canza wa yarinya wuri, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wata na gaba ta sha uku. Na bayansa ta sha biyar. Ba su sake kwana asibiti ba, yarinyar har ta ɗan yi kumatu, babanta yana ta hamdala yana cewa matsayi ai ba shi ne ilimi ba. Kowace takarda ta zo, uwar takan jira yarinyar ta fita tsakar gida, sannan ta haska a taga. Tana ganin sawun amsar gaskiya a ƙasa sai ta ji ta ɗan samu numfashi, ta ce a ranta abin yana nan, ɓoye shi kawai ake yi.

Sai dai gidan ya yi shiru. Aikin gida da Lauya take zama a kai har sai an ƙwace littafi, yanzu minti goma ta tattara. Ta ce ba amfanin ta san duka tunda shida za ta zubar. Da kakarta ta zo ta ce a kawo mata Lauyarta su yi shari'a, ta ce ta sha magani, yarinyar ta karɓa ta shanye ba tambaya. Tsohuwar ta dubi uwar ta ce wannan lauya ta yi ritaya ne, ko sai an sake mata suna. Aka yi dariya. Maman Lauya ta sunkuya kan keke kamar zare ya harɗe.

Takardar watan da ya biyo baya ta zo ranar Juma'a. Ta sha huɗu. Uwar ta haska a taga. Ta juya ta, ta matsa kusa da gilashi, ta shafa bayanta da yatsa. Takardar sumul, ba a sa mata kilina ko sau ɗaya ba. Ta kira yarinyar ta nuna mata tambaya ta tara, wani lissafin rabawa mai sauƙi, irin wanda bara take yi da ka tana cin abinci.

"Wannan kin sani kika faɗi, ko ba ki sani ba?"

Lauya ta kalli tambayar ta daɗe. Ta motsa leɓe kamar mai ƙirga, ta daina.

"Ban tuna ba, Mama."

Ta tambaya ko za ta iya fita wasa, aka ce ta sa safa. Uwar ta zauna da takardar a cinya. Jakar tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, takardar likita a ciki ta fara tsagewa ta wurin ninki. Ta kalle ta, ta kalli biron. A waje tana jin muryar 'yarta cikin ta sauran yara, lafiyayya, ba wanda yake dare mata hanya. Ta jawo takardar gwajin kan teburin keke, ta sa hannu a inda aka ce uwa ko uba.